Mailafiya da Wayar da Ke Kai Ƙara

A unguwarmu da ke bayan kasuwar hatsi ta Gadarif, abin da gida zai ci a shekara yana rataye ne a kan yankan riɗi. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa. In ganyensa ya yi rawaya, ko dai a yanke shi cikin 'yan kwanaki, ko kwanson ya fashe ya zubar da 'ya'yan a ƙasa tururuwa su kwashe. Shi ya sa da kaka ta gabato wakilin gona yakan kira mutum ɗaya a unguwa, ya ce a haɗo ma'aikata, ga lori nan tafe. Unguwar da ta amsa kiran ta sami aikin shekara. Wadda ba ta amsa ba, akwai wasu zaune a bakin kasuwa da laujensu suna jira.

A shekarar da nake ba da labari, mutum ɗayan nan Mailafiya ne. Ba mu muka zaɓe shi ba, shi ya zaɓi kansa. Mailafiya irin mutanen nan ne da ba a taɓa kawo zancen da ba su riga kowa sani ba. In ka ce likita ya yi maka allura, shi ya koya wa likitan riƙe sirinji. Yana zuwa gona duk kaka kamar kowa, amma ban taɓa ganin damin da ya ɗaure da hannunsa ba. Aikinsa shi ne ya tsaya a inuwa yana gaya wa masu yanka cewa rana ta yi zafi.

Abin da ya ɗaga shi sama a wannan shekara waya ce. Ƙanin matarsa Atine ya aiko mata da ita daga Jidda, babba, irin wadda ake shafawa da yatsa. Ba ta kwana a hannun Atine ba Mailafiya ya gano cewa hasken irin wannan waya yana ɓata idon mata, ya sadaukar da nasa idon. Ya zura ta a aljihun gaba na jallabiya, ya hau mota zuwa Doka, ya nemi sabon wakilin gonar da muke yi wa aiki, wani mai suna Taha, ya gabatar da kansa a matsayin shugaban ma'aikatan unguwa.

Taha mutum ne mai gajeren zance. Ya ce, "Ya zol, kai malam, ni ba na bin mutum. Ranar da riɗi ya nuna zan kira ka. Ka ɗauka, lori ya zo ƙofarku. Ba ka ɗauka ba, halas, shi ke nan."

Mailafiya ya dawo da lambar Taha a cikin waya, ya hana kowa ganinta, don ya san wanda ke riƙe da lambar wakili shi ne shugaba. Maƙwabcinsa Ɗanlami, mai sayar da ruwa a karo, wato amalanken jaki, shi ya fara yi masa magana.

"Ka ba ni lambar in sa a tawa, saboda tsautsayi."

"A wannan taka mai tocila? Lambar wakili ba ta zama a irin wannan wuri."

"Lamba ce fa, Mailafiya, ba amarya ba."

"To ka je Doka ka nemi taka."

Waya ba ta zama waya, in ji Mailafiya, sai an cika ta. Ya kai ta rumfar masu zuba kaya a waya a kasuwa, ya ce a zuba masa duk abin da ke akwai. Aka zuba. Ya dawo da manhajojin lokutan salla iri-iri, kowace tana kiran salla a nata lokacin, har Atine ta rasa wadda za ta bi. Akwai mai korar sauro, wadda sauro ke sauka a kanta su huta. Akwai mai auna nauyin buhu, akwai mai fassara mafarki, akwai mai mayar da fuskar waya madubi.

Ta madubin ce ta fara faɗuwa. Muna zaune da hantsi a rumfar Goggo Jummare mai shayi, inda 'yan unguwa ke haɗuwa, Mailafiya yana gyara rawaninsa a fuskar waya, sai fuskarsa ta ɓace, wani farin akwati ya fito da rubutun Larabci. Ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji: manhajar ta tsaya, ko a aika rahoto ga kamfani? A ƙasa kuma ga fili an bari, an ce bayyana abin da ya faru.

Ya ajiye kofin shayi a hankali.

"Kun ji ko? Sharika da kanta, wato kamfanin, daga ƙasar waje, tana neman jin ta bakina."

"Lalacewa ta yi," in ji Ɗanlami.

"Kai in jakinka ya lalace yana tambayar ra'ayinka? Ku faɗa mini gaskiya, jama'a. Tun da kuke a garin nan, wane ofis ne ya taɓa ce muku ku bayyana abin da ya faru?"

Abin haushi da Mailafiya shi ne, wani lokaci yakan yi tuntuɓe da gaskiya a hanyarsa ta zuwa shirme.

Ya gyara zama ya fara rubutu da yatsa ɗaya. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyalan kamfani, ya bayyana batun madubi, sannan da ya ga fili ya rage sai ya ƙara da cewa sukari ya yi tsada a Gadarif. Ya danna aikawa. Wayar ta yi ta juya wani ɗan zobe, can ta rubuta: ba a aika ba, za a sake gwadawa.

Ɗanlami ya leƙa ta kafaɗarsa. "Ai ta ce bai tafi ba."

"Kai ba ka san ofis ba. Ofishin da zai amsa maka nan take ofishin banza ne. Babban ofis shi ne wanda zai ce ka dawo. Ni yanzu an sa ni a layi."

Goggo Jummare ce ta fara faɗawa tarkon. Kwanakin baya kaɗan 'yan kasha, 'yan sandan da ke zagayen kamen mata masu shayi, suka kwashe mata kujeru da butoci, wai mayafinta bai rufe yadda doka ta ce ba, ita da ke da jikokin da suka girme su. Ta jira mutane suka rage, ta tura wa Mailafiya shayi da madara ba tare da ya nema ba, ta rage murya.

"Ɗan nan, su mutanen naka na waje, sun fi na mahaliyya ƙarfi?"

"Goggo, su suka ƙera waya. Ƙaramar hukuma ta taɓa ƙera ko ashana?"

"To ka gaya musu butocina. Babbar tana da lotsawa a gindi, kada a musanya mini."

Sai dai akwai matsala. Akwatin rahoto ba ya fitowa sai wani abu ya faɗi a wayar, ita kuma a ranar lafiya lau ta tashi. Mailafiya ya yi ta shafa ta, ta ƙi faɗuwa. Nan ya fito da dabara, kuma dole in yarda dabarar ta yi aiki. Ya buɗe mai sauro, ya buɗe mai mafarki, ya haɗa da kamara da rediyo da masu kiran sallar gaba ɗaya, ya yi ta danna su da yatsun hannu biyu har wayar ta shaƙe ta faɗi. Farin akwati ya fito.

"Haka manya suke, Goggo," in ji shi. "Sai an kayar da su suke sauraro."

Goggo ta waiga ta duba bayanta. A shekarun nan ba a jin irin wannan magana a zauna ba a waiga ba.

Kafin mako ya zagayo, labari ya gama unguwa cewa Mailafiya yana da hanyar kai ƙara waje, ba takarda, ba hatimi, ba wanda zai tambayi katinka. Mutanen da suka shekara suna haɗiye magana sai ga su a rumfar Goggo, kowa yana yi kamar shayi ya zo sha. Wani famfon gidansa ya manta kamannin ruwa. Wani burodi ne ya dame shi, wai ya ƙanƙance har ana iya haɗiye shi da ruwa kamar ƙwayar magani. Wata mijinta ya tafi haƙar zinariya arewa shiru. Wani dattijo gwiwarsa ce kawai, ya ce a sa, ba a san inda za a dace ba. Kowane mutum ɗaya, sai Mailafiya ya kayar da wayar sau ɗaya.

Ya sa wa kansa lokacin aiki, ya ce ofis ba ya buɗewa sai bayan karin kumallo. Ya fara ɗaukar hoton mai ƙara yana haɗawa da rahoton, wai kamfani ba ya sauraron wanda bai ga fuskarsa ba. Ɗanlami ya daɗe yana yi wa masu layi dariya, har ranar da aka gan shi ya ɗaure jaki a nesa ya zo yana sosa ƙeya.

"Ba don na yarda ba ne. Amma tankokin manya suna tsallake mu a wurin ɗiban ruwa, mu masu karo sai rana ta faɗi. In akwai fili ka sa."

"Tsaya can a ɗauki hotonka."

"Ka ɗauki na jakin. Shi ya fi shan wahala."

Abin da ba mu sani ba a lokacin, sai daga baya, shi ne ko rahoto ɗaya bai taɓa barin aljihun Mailafiya ba. Ƙasar tana cikin takunkumi, ƙofar kamfanin a rufe take ga duk abin da ya fito daga wajenmu. Duk faɗuwar da wayar ta yi, sai ta tattara bayanan abin da ya same ta, tuli guda, ta haɗa da rubutun Mailafiya da hoton mai ƙara, ta ajiye a cikinta. Daga nan ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba za a buɗe ba, a kan tsohon rahoto da sabo, ba hutu. Ƙarfin da za ta yi aikin waya da shi duk ya tafi a nan.

Da ɗumi ta fara. Daga ɗumi ta koma zafi, har Mailafiya ya riƙa tafiya yana ɗage aljihu daga ƙirjinsa. Ya ce zafin aiki ne, duk mai hidimar jama'a haka jikinsa yake. Rannan Atine ta je ɗiban ruwa ta tarar da wayar kwance a kan murfin randa, an naɗe ta da jiƙaƙƙen ɗankwalinta.

"Baban Hiba, ita kuma wannan haihuwa ta yi?"

"Hutawa take. Ki yi mata fifita kaɗan, ni hannuna ya gaji."

"Ni da na wuni a gaban murhu ba a yi mini ba."

Caji kuma ya zama wani yaƙin. A cika ta da safe, kafin azahar ta yi ja. Wuta a unguwarmu baƙuwa ce, don haka Mailafiya ya tare a shagon Lawali mai aski, wanda ke da janareto. Lawali ya yi haƙuri har ya ga wayar tana jone amma cajin baya yake yi, sai ya zare ta ya miƙa masa.

"Ɗauki abarka. Tun safe take sha, ko godiya babu."

"Ka san wa kake kora? Sunanka zai shiga."

"Ka rubuta shi da kyau. Lawali, da wasali a ƙarshe."

Daga nan wayar ta fara kukan cewa cikinta ya cika, a goge wani abu. Mailafiya ya duba ya ga ba zai taɓa rahoton jama'a ba, amana ce. Manhajojin kuma kayan aiki ne, da su ake kayar da ita. Abin da ya rage shi ne hotunan da suka zo da wayar daga Jidda: mahaifiyar Atine a Makka sanye da fararen kaya, da saƙon muryarta tana sa wa 'yarta albarka. Tsohuwar ba ta daɗe da dawowa ba ta rasu, kuma Atine ba ta da wani abin da ya rage mata na muryar uwarta sai wannan. Ya goge su, wayar ta ɗan numfasa, kafin la'asar ta sake cika.

Da Atine ta nemi a kunna mata muryar, ya ce an mayar da ita wani sashe saboda cunkoso.

"Wane sashe?"

"Sashen da ba a gani."

Ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi, ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado. Ni wannan ne wurin da dariyata ta tsaya, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Mailafiya kuwa sai gaba. Wata safiya ya iso rumfar Goggo yana washe baki, ya ɗaga wayar sama. Ba wanda ya taɓa ta, amma farin akwati ne ke fitowa a kan farin akwati. Abin da ke aika rahoton ne da kansa ya gaji ya faɗi, wayar ta rubuta rahoto a kan faɗuwarsa, wannan ma ya ƙi tafiya ya sake kayar da shi, ta sake rubuta wani.

"Kun gani? Na horar da ita. Yanzu da kanta take rubutawa, ni sa hannu kawai nake yi."

"A kan me take rubutawa?" in ji Goggo.

"A kan dalilin da ya sa na farko bai tafi ba. Na bayansa kuma yana binciken na biyu. Kwamiti ne a kan kwamiti, Goggo. Sai manyan wurare ake samun haka."

"To butocina fa?"

"Suna ƙasa. Duk abin da ke ƙasa shi ne tushe."

Ana cikin haka sai ga Ustaz Adam, shugaban kwamitin unguwa, wanda ba a samun takardar shaidar zama ko rabon sukari sai da sa hannunsa, kuma kowa ya san kunnensa ba nasa ba ne shi kaɗai. Layi ya watse nan take. Mai gwiwa ma ya tashi da sauri har ya manta sandarsa. Mailafiya ya zauna a kan wayar, zafi ko ba zafi.

"Malam Mailafiya, mun ji kana da hulɗa da wasu a waje."

"Ni? Ustaz, madubi ne kawai. Rawani nake gyarawa."

"Tashi mu zaga."

Suka zaga bayan rumfa, Mailafiya yana tafe yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Rumfar kara ba ta riƙe sirri, don haka mun ji komai. Ustaz Adam ya yi gyaran murya, ya rage sauti.

"Shekara da shekaru ina yi wa tsarin nan hidima. An raba filaye a sabuwar unguwa, an ba wa yaran da na koya wa ɗaura rawani, ni ko taku ɗaya. Ka sa musu wannan. Amma ban da suna."

"Sai da hoto, Ustaz."

"Ka ɗauka ta baya."

Tun daga ranar Mailafiya ya daina gaishe da mutane da hannu biyu.

Direbobin da ke zuwa daga Doka suka fara cewa riɗi ya yi rawaya, wasu gonakin har an shiga. Unguwa ta ɗaure kaya. Da safe aka hallara a rumfar Goggo, kowa da laujensa da bargonsa da ƙullin garinsa, ana jiran kira. Atine da kanta ta lulluɓa ta fito har bakin rumfa, abin da ba ta saba ba.

"Baban Hiba, ka kira mutumin nan ka ji."

"Shugaba ba ya kira, kiransa ake yi."

Ɗanlami ya miƙo tasa mai tocila. "To cire shariharka, layin naka, mu sa a nan har ya kira. Bayan nan ka mayar."

"In na cire, rahotannin jama'a su rasa wurinsu, a mayar da mu baya? Ku dai ba ku san tsari ba."

Da ya ga bai taɓa samun taro irin na ranar ba, sai ya ce ba za a zauna haka kawai ba, ofis a buɗe yake. Wayar da ke numfashi da ƙyar ya sake kayar da ita a kan ƙarar wani da aka sace wa akuya. Yana cikin tambayar launin akuyar wayar ta fara ƙara, wata irin ƙara mai jan ƙafa, kamar kaset ɗin da batir ya ƙare masa. A bayan fararen akwatuna, can ƙasa, ana hango rabin sunan Taha.

"Shi ne. Ɗauka," in ji Ɗanlami.

Mailafiya ya miƙe, ya gyara rawani, ya dubi jama'a don kowa ya shaida, sannan ya shafa. Ba abin da ya motsa. Ya sake shafawa, akwati ɗaya ya tafi, wani ya maye gurbinsa. Ya danna a aika, ta ce za a sake gwadawa. Ya danna kar a aika, ta kawo na bayansa.

"Jiƙa yatsan."

"A'a, goge shi, gumi ne."

"Hura mata iska."

"A karanta mata Fatiha," in ji Ustaz Adam, wanda ya zo duba ko an yi maganar fili.

Mailafiya ya gwada babban yatsa, ya gwada ɗan ƙaramin, ya gwada hanci. Ɗanlami ya kai hannu zai fizge, shi kuma ya ɗaga ta sama ya haye benci, wai waje mai tsawo ya fi samun shabaka, wato sabis. Bencin ya ɗaga ƙafa, tiren Goggo ya tashi da kofuna, shayi ya wanke wa mai akuya jallabiya. Wayar tana ta ƙara. Da Mailafiya ya rasa abin yi, sai ya kafa ta a kunne haka nan ba a ɗauka ba, zafi yana cin fatarsa.

"Alo, ya Taha, muna nan!"

Abin mamaki, sai jama'a suka taya shi. Magidanta da gemunsu, riƙe da lauje, suka kewaye bencin suna yi wa waya ihu cewa suna nan, a turo lori. Ƙarar ta tsaya. Kafin a gama sauke numfashi ta sake tashi, don Taha ya fi yadda ya faɗi kansa kirki. Aka sake shafawa, aka sake hurawa, aka sake ihu. A tsakiyar wannan kiran fuskar wayar ta yi baƙi, ta mutu.

Nan fa aka sauko da shi daga benci ba da lallashi ba. Goggo ta zare allurar mayafinta, aka zaƙulo sharihar aka sa a wayar Ɗanlami. Aka zuba mata ido. Taha bai sake kira ba.

"Mu kira shi mu. Kawo lambar."

"Tana cikin waccan."

"Ba ka haddace ba?"

Mailafiya ya rufe ido, ya ɗaga yatsa. "Tana farawa da sifili."

"Duk lambar ƙasar nan da sifili take farawa."

"To kun ga ban yi kuskure ba."

Ɗanlami ne ya ce in Taha bai same mu ba kasuwa zai nufa, a ruga. Muka kwasa da kaya a kai, ta lungun masu gawayi, ta gaban masu awon hatsi, mutane suna darewa suna tambaya ko gobara ce. Mailafiya yana gaba, rawani ya warware yana binsa a ƙasa. Muka iso bakin kasuwa daidai lokacin da ake rufe ƙofar bayan lori. A cike yake da mutanen garin Mafaza da suka kwana biyu a wurin suna jiran irin wannan sa'a, suna zaune a kan kayansu suna kallonmu daga sama.

Mailafiya ya kama ƙofar gaba yana haki, yana nuna matacciyar waya. "Ya Taha, shabaka ce. Wallahi shabaka ce."

Taha ya leƙo. "Shabaka ta kawo mini ƙarar wayarka har kunnena ya gaji."

"Muna cikin taro ne da sharika. Manyan baƙi daga waje."

"Kwayyis, ya yi kyau. Su ba ku riɗi ku yanka."

Lori ya tashi. Masu awo da 'yan dako da masu shayin bakin kasuwa, waɗanda labarin ofishin ya daɗe da isa gare su, suka fashe da dariya. Wani ɗan dako ya ɗaga murya ya tambaya ko ofis a buɗe yake, shi ma yana da ƙara a kan surukarsa. Mu ba mu yi dariya ba. Kowa yana lissafin bakunan da ya baro a gida.

Ba wanda ya taɓa Mailafiya, ko zagi ba a yi masa ba, aka bar shi ya biyo mu a baya shi kaɗai. Da la'asar magidanta suka yanke shawara a bi ƙananan gonakin da ke kusa da gari, gona gona, a karɓi duk ragowar aikin da aka samu ko yaya yake. Ɗanlami ya sauke gangar ruwa daga karo aka loda kaya. Goggo Jummare ta rufe rumfa ta ce za ta bi mu ta yi mana girki, tana neman mai taya ta a ba ta rabo.

Mailafiya ya fito da sabon rawani, ya ce ya yi nazari, zai jagoranci tafiyar.

"Karo ya cika," in ji Ɗanlami.

"Zan taka da ƙafa."

"Hanyar ma ta cika."

Sai ga Atine ta fito daga gida da babbar tukunya a kai, 'yarsu Hiba tana riƙe da gefen mayafinta. Tun da aka kawo ta unguwar nan ba ta taɓa kwana a sansanin gona ba, kuma Mailafiya ya sha bugun ƙirji da haka a rumfar shayi. Ya tare gabanta, murya ta yi ƙasa.

"Atine, ina za ki? Mutane suna kallo."

"Buhun dawa ya kai gindi, Baban Hiba. Wani a gidan nan sai ya je."

Ta raɓa shi ta wuce, ta ɗora Hiba a kan kaya. Ɗanlami ya kaɗa jaki. Mailafiya ya biyo karo 'yan taku, wayar a hannunsa, ya rasa abin da zai ce da zai yi kama da umarni.

"To in kun sauka, yaya zan ji labarinku?"

Atine ta gyara zaman tukunyar a kanta, ba ta waigo ba.

"Ka nemo mini lambar wani mai waya a unguwar, in kira shi ya faɗa maka."